Katin Wata Shida: Yini Guda a Ɗakin Masu Tarin Fuka a Tsohon Birnin Kano

Sanyin hunturu bai gama sakin gari ba lokacin da mai adaidaita sahu ya sauke ni a bakin wani asibitin sha-ka-tafi a cikin tsohon birnin Kano, ba nisa da gindin Dutsen Dala. Naira 300 na biya, mu uku a baya, mutum ɗaya a gefen direba. Hazo ya lulluɓe dutsen, sai inuwarsa kawai ake hangowa ta saman soraye. Na daɗe ina jin ana shelar tarin fuka a rediyo, ana cewa gwaji kyauta ne, magani kyauta ne. Na zo ne in ga yadda wannan magana take idan ta sauko cikin unguwa, tun da gani ya kori ji.

A bakin ƙofa wata dattijuwa ta kafa kaskon ƙosai, kusa da ita yarinya na zuba koko daga bokiti mai murfi. A ranar, kofin koko naira 100, ƙosai biyu naira 100. Galibin masu shiga mata ne da goyo, wasu sun zo awon ciki, wasu sun kawo jarirai allurar rigakafi. A cikin alluran nan har da ta BCG, wadda ake yi wa jariri a dantse tun kwanakinsa na farko, take barin ɗan tabon nan da yawancinmu muke ɗauke da shi. Tun 1921 aka fara amfani da ita a duniya. Tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in tarin fuka, irin wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa, amma kariyarta ga huhun babban mutum ba ta da ƙarfi. Shi ya sa ɗakin da na zo nema yake da baƙi kullum.

Sai da na zaga bayan ginin sannan na same shi. Ɗaki ɗaya ne, ƙofarsa daban, a gabansa rumfar kwano marar bango da benci uku. Na ƙirga mutum goma sha ɗaya a zaune: maza bakwai, mata uku, da wani yaro da ya jingina da kafaɗar kakarsa. Wasu sun sa takunkumin fuska, wasu sun rufe baki da gefen rawani ko mayafi. Hira ba ta da yawa a nan, ba kamar layin masu goyo ba da ke cike da hayaniya. Kowa ya riƙe kati a hannu, wani ya naɗe nasa a leda don kada ya tsufa.

Na tambayi dalilin da ya sa aka bar masu jinya a waje cikin wannan sanyi. Aka ce mini da gangan ne. Ƙwayar cutar a iska take yawo. Idan mai ɗauke da ita a huhu ya yi tari ko atishawa, sai ta fita cikin ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, ta daɗe tana shawagi a ɗakin da yake rufe. Iska mai kaɗawa tana watsa ta, hasken rana yana kashe ta. Ba a ɗaukarta ta musabaha, ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya. Rumfar nan marar bango ita ce kariya ta farko da asibitin ya tanada, kuma ita ce mafi arha.

Cikin ɗakin babu kayan ƙawa. Tebur ɗaya, kujeru biyu, ma'aunin nauyi a ƙasa, kabad ɗin ƙarfe mai kwaɗo, tagogi biyu a buɗe har ƙarshe. Ma'aikacin lafiyar da ke kula da ɗakin ya ajiye kujerarsa ta yadda iska za ta ratsa tsakaninsa da wanda ya zauna gabansa. A bango an manna takarda da Hausa mai ɗauke da alamomin cutar: tarin da ya kai mako biyu, zazzaɓi mai dawowa da yamma, zufa da dare, rama, wani lokaci jini a cikin kaki. A ƙasanta an rubuta 3340, lambar da ake kira kyauta daga ko'ina a Najeriya don neman bayani.

Babban abin da ya cika teburin shi ne littafin rajista, mai faɗi kamar faranti, gefen shafukansa ya yi baƙi saboda yawan buɗewa. Duk wanda aka tabbatar yana da cutar yana da layi guda a ciki, yana kuma da kati biyu: ɗaya ya zauna a asibiti, ɗaya ya tafi da shi gida. An zana katin gida-gida kamar dara, kowane gida rana ɗaya ce. In an sha magani, sai a yi alama. Jinyar wata shida ce cur. Wata biyun farko ana shan magunguna huɗu da aka haɗa cikin ƙwaya ɗaya, sauran wata huɗun kuma magunguna biyu. Yawan ƙwayoyin yana bin nauyin mutum, wani uku, wani huɗu, sau ɗaya a rana, da safe kafin a ci komai. Ma'aikacin ya ce abu na farko da yake gaya wa sabon mai jinya shi ne fitsarinsa zai koma ja-ja, kada ya tsorata, aikin ɗaya daga cikin magungunan ne. In watan azumi ya kama, sai a mayar da shan maganin lokacin sahur. Duk wanda aka samu da tarin kuma ana roƙonsa ya yarda a yi masa gwajin ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jiki, saboda cututtukan biyu sukan tafi tare.

Ina zaune a gefe aka kira wani saurayi mai dako a Kasuwar Kurmi. Ya tuɓe silifa ya hau ma'auni. Ma'aikacin ya duƙa ya duba allurar, ya koma ga katin, ya bi layin da yatsa, sannan ya ɗago da fara'a ya gaya masa ya ƙara kilo uku a kan nauyin da ya zo da shi. Saurayin ya ce ai tarin ma ya tsaya, har ya koma ɗaukar kaya. Sai ya rage murya ya tambaya ko zai iya hutawa da maganin haka nan, tun da jiki ya yi sauƙi. Ma'aikacin ya ajiye biro. "Ƙanena, yanzu ne aikin ya fara," in ji shi. "Ciwon ya kwanta ne, bai mutu ba." Ya juya katin ya nuna masa gidajen da ba a cike ba, sun fi rabi. Ya ƙirgo masa maganin wata guda, ya rubuta ranar dawowa a bayan katin, ya sa shi ya maimaita ranar da bakinsa.

Bayan fitar saurayin ya ce mini wannan gaɓa ita ce mafi hatsari a jinyar. A wata na biyu ko na uku ƙarfi yake dawowa, abinci ya fara shiga, mutum ya ga kamar ya warke. In ya bar magani a nan, ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, kuma idan suka farfaɗo sukan dawo da nau'in da ba ya jin maganin farko. A da, jinyar wannan nau'i takan kai wata ashirin ko fiye, da allurai masu iya kurumtar da mutum. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani sabon haɗi na sha kawai wanda ake gamawa cikin wata shida. Sauƙi ya samu, amma har yanzu jinya ce mai nauyi, kuma wanda ya kamu da ita irinta yake raba wa iyalinsa.

Daga ɗakin aka nuna mini wani lungu a bayan gini, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, inda ake tura wanda ake zargi ya ba da kaki. Ana ba shi 'yar roba mai murfi, a koya masa ya ja numfashi sosai ya tari daga ƙirji, don yawu ba shi da amfani a gwajin. Ana rubuta lamba a jikin robar, a saka ta cikin akwatin sanyi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani mai babur ya iso, ya sa hannu a takarda, ya ɗaure akwatin a baya ya wuce. Robobi shida ya tafi da su. Aikinsa ke nan, zagaya ƙananan asibitoci yana kai samfur babban ɗakin gwaji inda na'urar GeneXpert take.

Wannan na'ura ta sauya aikin ƙwarai. Tun ranar 24 ga Maris 1882 da Robert Koch ya sanar a Berlin cewa ya gano ƙwayar cutar, ranar da duniya ke tunawa da tarin fuka duk shekara, madubin likita aka dogara da shi fiye da ƙarni guda, shi kuwa yakan kasa ganin ƙwayar idan ba ta da yawa. A 2010 aka amince da GeneXpert. Cikin kamar awa biyu take faɗin ko akwai cutar, ta kuma nuna ko mai bijire wa babban maganin ce. Yaron da bai iya fitar da kaki ba, ana iya gwada bayan gidansa. Sai dai na'urar tana son wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi, shi ya sa ba a kowane asibiti ake ajiye ta ba. Sakamakon yakan dawo cikin kwana ɗaya zuwa uku. Har yanzu madubin bai yi ritaya ba, da shi ake sake duba kakin mai jinya a ƙarshen wata na biyu, na biyar da na shida.

Kafin azahar jami'in da ke sa ido kan tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukumar ya leƙo, jaka a rataye. Kowace ƙaramar hukuma cikin 774 na ƙasar nan an tsara ta kasance da irinsa, ciki har da 44 na Jihar Kano. Ya zauna ya buɗe rajista yana bin layi ɗaya-ɗaya, yana gwada shi da katunan, sannan ya buɗe kabad ya ƙirga maganin da ya rage. Duk wata uku yake tattara alƙaluman asibitocin da ke ƙarƙashinsa ya miƙa wa jiha, jiha ta miƙa Abuja. Daga irin wannan littafi mai baƙin gefe ake samun lissafin ƙasa, wanda ya nuna an gano sama da mutum 300,000 a 2023, ninki biyu da ɗoriya na abin da ake ganowa kafin 2020. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu cutar. A duniya kuwa, fiye da mutum miliyan 10 ke kamuwa duk shekara, fiye da miliyan 1 na rasa ransu. Burin da ƙasashe suka ɗauka shi ne zuwa 2035 a rage mace-mace da kashi 95 cikin ɗari, sababbin kamuwa da kashi 90, idan aka kwatanta da 2015. Jami'in ya ce hawan adadin da ake ganowa ba ya tayar masa da hankali. Waɗanda ba su shigo littafin ba su ne damuwarsa, domin mutum ɗaya da ba ya shan magani yana iya shafa wa mutum 5 zuwa 15 a shekara.

Neman waɗancan shi ne aikin 'yan sa-kai, kuma da ɗaya daga cikinsu na fita bayan sallar azahar. Mace ce mai matsakaicin shekaru, 'yar unguwar, da dogon hijabi da jakar hannu mai ɗauke da robobin kaki da ɗan littafi. Muka kutsa lunguna, wasu ba su fi faɗin mutum biyu ba, kwata na bin tsakiya, yara na wasa a bakin zaure. Gidaje sun manne da juna, ɗakuna da yawa tagarsu 'yar ƙarama ce can sama, kuma saboda sanyi an toshe ta da tsumma ko kwali. A irin wannan ɗaki mutum shida ko bakwai ke kwana. Wanda ya ga haka ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan yadda cutar ke bin gida. Ta ce da yawa suna ɗauka gadonta ake yi, wasu su ce sammu ne ko jifa, don sun ga ta ɗauki uba ta dawo ta kama ɗa.

Mun fara tsayawa a wani kemis. Mai shagon ya jawo littafi daga ƙarƙashin kanta ya nuna mata mutum biyu da ya tura asibiti a makon. Yawancin masu tari nan suke fara zuwa. A lokacin kwalbar maganin tari naira 1,200 zuwa 1,500 ce, kuma mutum zai iya shan uku ko huɗu a jere kafin ya yarda abin ya wuce na mura. Wani ya biya ta wurin mai maganin gargajiya, wani ya je ya yi hoton ƙirji na kuɗi, naira dubu biyar ko fiye. Kafin ya iso inda ake ba da magani kyauta, aljihu ya riga ya bushe, wata biyu ko uku sun wuce. Shi ya sa aka jawo masu kemis, masu maganin gargajiya da ungozomomi cikin aikin, aka koya musu tambaya ɗaya: tarin nan ya kai mako biyu?

Daga nan muka shiga wani gida. Ni na tsaya a zaure har aka yi mini izini. A tsakar gida wata matashiya na zaune kan tabarma a rana, a gefenta kwanon sha da kofi da aka ɗaura wa jan zare don kada a haɗa da na kowa. 'Yar sa-kan ta gaida surukar gidan da ladabi, ta tambayi jiki, ta karɓi kati ta duba. Duk gidajen makon a cike suke. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki kofin mai jan zare, ta ɗebi ruwa a randa ta sha, ta ajiye. "Inna, a kwance zaren nan," ta ce a hankali. "Taga za a buɗe, ba kwano za a raba ba." Tsohuwar ta yi shiru tana kallon kofin. 'Yar sa-kan ta ƙara da cewa wanda ya yi 'yan makonni yana shan maganinsa daidai, hatsarin ya shafa wa wani ya ragu ƙwarai.

Ta kuma tambayi yaran gidan ɗaya bayan ɗaya. An riga an duba su, kuma biyu daga cikinsu suna shan maganin kariya. Wannan wani reshe ne na aikin da mutane ba su cika sani ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, tana kwance a jikinsu ba ciwo. Kaɗan ne daga cikinsu take tasowa, galibi idan jiki ya yi rauni saboda yunwa, ciwon suga, shan taba ko karyewar garkuwa. Maganin kariya yana kashe ta tun tana barci, kuma akwai wanda ake sha sau ɗaya a mako har wata uku. Wahalar ita ce shawo kan uwa ta ba yaron da yake gudu lafiya ƙalau magani. A nan 'yar sa-kan takan ce musu, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Da muka fito na tambaye ta abin da ya fi hana mutane kammala jinya. Ta ce kunya da yunwa. Kunya ke sa wani ya tsallake asibitin unguwarsu ya tafi can nesa inda ba a san shi ba, sai kuɗin mota ya gagare shi a wata na uku. An sha fasa aure saboda sunan ciwon nan, an sha sallamar yaron shago. Yunwa kuwa, maganin da kansa yake buɗe ciki, mai jinya ya dinga neman abinci a daidai lokacin da ba ya iya fita nema. A lokacin ƙwai ɗaya naira 250 ne, ba kowane gida ke iya sa shi kullum ba. Takan ba da shawarar abin da hannu zai kai: wake, awara, ƙuliƙuli, zogale, da nonon da aka tafasa, domin akwai nau'in cutar da ake samu daga ɗanyen nonon saniya mai ciwo. Ita kanta abin da ake ba ta na sufuri bai taka kara ya karya ba. Ta ce yayanta ne ya rasu da wannan tari shekarun baya, ana ta yi masa maganin sammu, kuma tun daga lokacin ba ta iya jin tari a bayan katanga ta wuce.

Zangonmu na ƙarshe zauren mai unguwa ne. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Ranka ya daɗe, mun zo gaisuwa." Dattijon ya san aikinta sarai. Shi ne yake sa a yi shela idan masu hoton ƙirji na tafi-da-gidanka za su zo, shi ne kuma yake roƙon liman ya yi magana bayan sallah. Na'urar hoton a mota ake kawo ta, akwai ma ƙarama da ake ɗorawa a adaidaita sahu don ta shiga lungu. Kwamfuta ce ke karanta hoton nan take, wanda ta ga alama a huhunsa sai a karɓi kakinsa. Ya ce ranar da suka zo yakan fara tsayawa gaban na'urar da kansa, don in mutane suka ga babba ya yi, ba mai jin nauyi. Ta haka aka samu shiga makarantun allo, inda almajirai da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, da kuma majalisun dattawa waɗanda ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da su.

La'asar ta yi sanyi lokacin da muka koma asibitin. Mai ƙosai ta tashi, rumfar ta zama wayam, sai wani akuya da ke kwance ƙarƙashin benci. Ma'aikacin yana nan yana jera katunan ranar. Ya ware guda biyu a gefe. Na farko ya cika maƙil, tun daga gidan farko har na ƙarshe, an rubuta a ƙasansa cewa mai shi ya warke. Na biyun alamominsa sun tsaya a tsakiyar wata na uku, kwana tara ke nan mai shi bai zo karɓar magani ba, wayarsa kuma a kashe. Ya miƙa wa 'yar sa-kan. Ta karanta kwatancen gidan da aka rubuta a baya, ta ce ta san lungun, kusa da wata rijiya ne. Ta kwafe shi a ɗan littafinta, ta zura a jaka tare da robobin da suka rage, ta ce gobe in Allah ya kai mu da shi za ta fara, tun kafin ya fita kasuwa.